Kalandar Shagona a Ƙofar Ruwa

Shekara goma sha tara ke nan
tana rataye saman akwatin fuloga.
Dillalin kayan Fijo ya ba ni ita gyara.
Watannin sun ƙare, na yage su na ƙunshe goro,
hoton kaɗai na bari.

Wani ƙauye ne a ƙasar Faransa.
Sunansa na ƙasa, baƙi tara,
Nazifi ya ce rabinsu ba a furtawa.
Ni ba na ajiye kayan da rabinsa ba ya aiki,
sai na raɗa masa Garin Gada.

Gadar ta dutse ce, baki uku,
ruwa na wucewa, ko leda ɗaya babu.
Daga nan hanya ta kama tudu tana karkacewa
kamar akuyar da ta san gidan da ake surfe.
Gidaje na biye da ita, rufinsu ja,
inabi jere a kunya har gindin daji,
can ƙoli coci, da hasumiya mai agogo.
Agogon ya ce huɗu saura kwata.
Kullum sau ɗaya nake kama shi da gaskiya,
sai in jawo buta.

Ran nan kasuwa ta yi sanyi,
yaron ya latsa waya ya tono mini asirinsu.
Mutum ɗari biyu da sha huɗu, in ji shi.
Na yi dariya har da tari:
masallacin layinmu ya fi haka ran da aka yi ruwa!
Ya ce a da sun haura dubu.
Akwai injin niƙa da rafi ke juyawa, ya tsaya.
Makaranta ta koma ɗakin taro, yara bakwai suka rage.
Mai gasa burodi ya rasu,
yanzu mota ke kawowa, Talata da Asabar.
A dandali kuma dogon dutse,
an sassaƙa sunan samari talatin da ɗaya
da suka tafi yaƙi ba su ga girbi ba.
Uku gidansu ɗaya.

Nan tarin ya tsaya, dariyar ma.

Nasu ya rame don mutane sun tafi.
Namu ya mutu don mutane sun zo.
Ina yaro, daga ƙauyenmu zuwa ganuwa
sai jaki ya yi gumi, sai Baba ya sha fura a hanya.
Yau gonar dawarmu gidan mai ce.
Kududdufin da na koyi iyo an cike shi da shara,
an dasa bene, ana sayar da tayil.
Birni ya haɗiye mu bai ko yi gyatsa ba.
Ba dutse, ba hoto.
Sunan ya rage a bakin ɗan adaidaita,
shi ma ya gutsure masa wutsiya.

Jiya Nazifi ya kawo sabuwa mai sheƙi,
wani ɗan takara na murmushi a kai.
Na ce ya shimfiɗa a ci awara.
Na sauke tawa, na kifa ta a kan benci,
na ɗauki biron rasit.

Ga rijiyar Inna Delu. Ga maƙera.
Ga rumbuna huɗu, ɗaya ya karkace.
Ga tsamiyar da ake ɗaure jakuna.
Hanyar maƙabarta fa,
ta dama da tsamiya ta bi, ko ta hagu?
Na ɗaga kai in tambaya.
Duk layin nan, daga masu gilas har masu salansa,
ba wanda ya taɓa shan ruwan rijiyar.

Wani ya leƙo yana neman fanbel.
Na mayar da ita ƙusarta,
garinsu na kallon kasuwa, namu na kallon bango.
Huɗu saura kwata.
Nazifi, miƙo butar.