Wuƙar Markaɗe a Firijin Ige

Tun ranar da ɓera ya ci zoben roba
na gindin bilenda,
markaɗen Ige ya tsiyaye,
tattasai da albasar Aliero
suka bi ƙafar tebur har bakin ƙofa,
ta rantse kayan markaɗenta
sun daina kwana a kwando.

Kwana tara ina zagaya kasuwar Jega
ina cigiyar zobe
wanda bai wuce munduwar jariri ba.
Mai gyaran rediyo ya ce sai Birnin Kebbi,
na Birnin Kebbi ya ce a jira kayan Kano.
Da ƙyar na samo shi hannun wani Bazabarme,
kuɗinsa ya kai ɗinkin wando biyu.

Shi ke nan firiji ya yi baƙi.
Kofi a ƙasa, kusa da ƙullun fura,
murfi a aljihun ƙofa,
wuƙa kuwa, mai harshe huɗu,
ta kwanta tsirara bayan gorar ruwa.
Ta ce nan kyankyaso bai san hanya ba,
kiyashi ba su da dangi a ciki,
kuma hannun Modi bai kai mariƙi ba tukuna.
Na ce to.
Mai cin tuwo ba ya musu da mai tuƙi.

Sai wani daren bazara,
irin wanda katifa ke gasa haƙarƙari.
An ɗauke wuta tun la'asar.
Ƙishi ya tashe ni, na bi bango da lalube,
na buɗe, na miƙa hannu cikin duhu
kamar mai gaisawa da sananne.
Ita ta fara amsawa.

Ban yi ihu ba, ko me Ige za ta gaya muku.
Manuniya ce, ta dama,
wadda ke tura yadi ƙarƙashin allura,
ga sallah saura kwana goma sha ɗaya,
ga shaddodin mutane jibge kan keke.

Ta haska tocila, ta wanke, ta ɗaure,
tana sannu, kafaɗarta na rawa.
"Arzika, wanga hannu naka
shi kaɗai ka shiga wuri ba sallama."
Na ce wuƙa ba ta zama tsirara a gidan mutane.
Ta yi shiru.
Shirun Ige ba yarda ba ne, lissafi ne.

Da hantsi ta dawo da roba mai murfi,
shuɗiya, mai kama baki ƙam.
Yanzu in ta gama markaɗe
sai ta kwance komai ɗaya bayan ɗaya,
ta bi ƙarƙashin wuƙa da tsohon buroshi
inda 'ya'yan tumatir ke maƙalewa,
ta shanya kan faranti har ɗigo ya ƙare,
don abin da aka rufe da laima, wari yake haifa.
Wuƙa da zobe su shiga roba,
roba ta hau bene na sama, can ƙurya.
Injin da kansa ba ya shiga,
yana kan kanta, lulluɓe da tsumma,
ta ce sanyi da waya ba su ga-maciji.
Kofi ma in ya fito da raɓa
sai ya huce kafin ya ga ruwan zafi,
ta ga na maƙwabciya ya tsage gida biyu.

Na gama ɗinkin sallah da yatsu huɗu,
babbar riga ɗaya ta fito da karkataccen aljihu,
mai ita bai lura ba har yau.

Wuta kan zo ta koma yadda ta ga dama,
firijin rabin ransa akwati ne.
Duk da haka in ƙishi ya tashe ni
nakan tsaya a gabansa,
in shafa tabon da babban yatsa,
in kunna tocila
sannan in ce salamu alaikum.