Ginshiƙi na Bakwai

A Sitiya, da aka gama matsar zaitun,
kakana Lafteris ya jawo kujera gaban kwamfuta,
ya miƙo littafinsa mai tabon mai.
"Nektariya, banki na son gani a zane."

Shekara a hagu, lita a dama.
Na ja linzami, lambobin suka yi shuɗi,
na danna.
Sai ga ginshiƙai goma sha ɗaya tsaye,
wannan dogo, wancan ya ɗara shi,
na bakwai kuwa ko gwiwar maƙwabcinsa bai kai ba.

Ya ɗora yatsa daidai nan.
Shekarar gobara ce,
shekarar da Argiro ta daina hawa tudu da kwando.

"In goge shi?"
"Banki ba wawa ba ne," in ji shi,
"giɓi ya fi gajeren haƙori surutu."

Kofinsa ya huce a hannu.
"Ba sa kwanciya ne?
Na ga sun gaji da tsayuwa."

Na sauya zanen. Ginshiƙai suka koma sanduna,
kowace a miƙe,
kamar itatuwan da muka sare bayan wutar.
Ta bakwai na tsakiya,
'yan'uwanta sun rufa mata sama da ƙasa.

"Yawwa. Sa mata kore."
Sauran na bar su ruwan toka.
Ya fita ba akuyarsa ruwa,
ya bar ni da injin bugawa
da ya ƙi jan takarda tun jiya.