Kilo Tamanin da Biyar

Da rana ni ne mai sikeli a Pitowa.
Manomi ya sauke audugarsa, in dubi allura,
in faɗi lamba, ko da za ta ƙona masa rai.
Shekara goma sha ɗaya ban ƙara wa kowa ba,
ban rage ba.
Ban da keke, abin da na mallaka ke nan.

Daren Asabar kuwa sai Garwa, unguwar Yelwa,
shagon Bakari mai gyaran rediyo.
Mu ture tulin wayoyi gefe,
mu shimfiɗa takardu kan teburin nan mai ƙafa uku da bulo,
mu ƙago mutanen da babu uwar da ta yi naƙudarsu.
Bakari ke riƙe da akalar labari.
Dokarsa guda: suna naka ne, sana'a taka ce,
tsayi da nauyi kuwa sai yadda ƙwayar lido ta ga dama.
"Wa ya taɓa zaɓar jikinsa?" in ji shi. "Jefa."

Arba'in ne tushen nauyi,
kowane ɗigo ya ƙara kilo biyar.
Tsayi ma da nasa lissafin, a bayan kwalin batir.

Asta Dudu, wadda sai da kujera take kai wa kanta a shagonta,
ta jefa shida da biyar,
ta samu masunciya mai tsawon giginya.
Ta yi dariya har da buga cinya:
"A sare mini ƙofa, ina zuwa!"
Ni na samu maharbi kamar turmi.
Na ce gajere ba yaro ba ne,
suka ce turmi dai turmi ne.

Sai gwangwanin madara ya iso hannun Hamajoda.

Shi ne mai sauke buhu biyu daga mota lokaci guda
yana gaisawa da mutane.
Wata huɗu ya yi a gadon asibiti.
Yau ya dawo, riga na rataye a jikinsa
kamar an maƙala ta a ƙusa,
agogo ya zame har gwiwar hannu.
Ya ce matuƙin kwale-kwale yake so, a Binuwai.
Ya girgiza gwangwani, ya kife.

Ɗaya da ɗaya.

Kilo hamsin.
Ni na rako shi awo ranar sallama,
na san abin da ke rubuce a katinsa.
Fanka ta ci gaba da juyawa, ita kaɗai.

Gwiwar Bakari ta bugi tebur.
Bulo ya goce, ƙwayoyi suka gangara ƙarƙashin benci.
"Kai, teburin nan!
Sidi, kai ne mai idon awo,
me ka gani kafin su faɗi?"

Shekara goma sha ɗaya suka taru a maƙogwarona.
Na haɗiye su da sauran shayi.
"Shida da huɗu," na ce. "Casa'in."

Hamajoda ya dube ni, irin duban da manomi ke yi wa allura.
Ya jawo fensir, ya lasa bakinsa.
"Rage biyar," ya ce.
"Ko a da ban taɓa kai casa'in ba.
In za a yi ƙarya, a yi ta daidai jikina."

Daren nan mutuminsa ya ɗauki kwale-kwale a kafaɗa
ya haye yashi da shi,
da turmina a ciki, da giginyar Asta,
dorina na huci a bayanmu.
Har ƙarfe ɗaya muna can.

Litinin na koma Pitowa.
Wani tsoho ya ɗora ƙullinsa, allura ta yi rawa, ta tsaya.
Sittin da biyu.
Na faɗa masa sittin da biyu.
Ƙwaya ɗaya har yau ba mu gano ta ba,
tana can ƙarƙashin bencin Bakari,
ban san fuskar da ta nuna wa sama ba.