Rani a Tsakiyar Marka

Ni na yanke mata cibi,
daren Laraba, a Sabon Gari,
ruwa na dukan kwanon ɗaki kamar yana bin sa bashi.
Uwarta Sunanda, Hausarta "sannu" ce da "nawa ne",
Indiyancina kuwa bai cika cokali ba,
amma naƙuda ba ta neman tafinta.

Uban, Girish, mai gyaran injin rijiya,
shekara shida yana bin ƙauyukan Damagaram da sifana,
bai yanka rago ran bakwai ba.
Ya ce su sai kwana goma sha biyu.
Ya buga waya garinsu, wajen wani dattijo,
ya faɗi sa'ar da ta faɗo, har da minti.
Dattijo ya lissafa inda wata ya kwana a daren,
ya aiko da farkon suna kawai: Ra.
Sauran, in ji shi, ku ƙarasa.

Na je wankan jego na iske takarda a kan tabarma,
sunayen da suka tara tun ciki na wata biyar.
Na ce, karanto mini, in ji da kunnen Hausa.

Ya ce Tara. Na ce ina takwas ɗin?
Ya nuna sama: tauraro ne.
Ya ce Asha. Na ce a sha me, ana wannan tsadar ruwa?
Ya ce fata ke nan, abin da zuciya ke jira.
Kamala? Na ce daga ta fari za ku kammala?
Ashe furen bado ne,
irin wanda ke buɗe ido a tafki da hantsi.
Da namiji ne, in ji shi, Bala.
Na ce wannan kam namu ne, ɗan Laraba!
Ya ce a tsohon harshensu yaro ne kawai, ɗanyen mutum.

Sai ya sa yatsa a layin ƙarshe.
Rani.

Na ajiye tsintsiyar darbejiya a bakin tukunya.
Na ce, bawan Allah, a Zinder?
Garin da mata ke kwana a bakin famfo,
jarka bayan jarka har gindin duwatsun Birni?
Kai da ka san zurfin rijiyoyinmu
za ka kira ƴarka da sunan abin da ke ƙafar da su?

Ya yi dariya har da tari.
Sarauniya ce, Inna Zabba'u, sarauniya!
Sunan kakata ne, mai sayar da madara,
ba ta taɓa ganin ƙofar fada ba,
amma ba a gardama da ita a gidanmu.

Na yi shiru. Na tuna Yarima, ɗan ƙanwata,
facin taya yake yi a kasuwar Dole.

Ran sunan, ƙanwar uban ta waya take kallo.
Ya sunkuya, ya raɗa a kunnen dama.
Nan jikina ya yi sanyi:
ashe ko can raɗawa ake yi,
mai suna ya fara ji kafin duniya.

Duk da haka ban haƙura ba.
Wadda ta zo gero na fitar da kai,
kwaɗi na hana unguwa barci,
Marka take a bakina.
Sunanda ta tambayi mijinta, ya fassara,
ta dafa ƙirji ta ce, Warsha!
Su ma suna da ita, ruwan sama.

Yanzu ta shekara uku.
Da magariba uwar na leƙowa: Rani!
Maƙwabta na cewa, Marka, ana kiranki.
Ita kuwa tana tsaye a tsakiyar titi,
bakinta duk ƙuli-ƙuli,
sai ta ga dama take waiwayawa.
Kakar ce sak, in ji Girish.