Hannu Mai Gari

A Kumo, bayan tashar mota,
inda injin niƙa ke kurma ihu tun hantsi,
nan Baffa Gidado yake aiki.
Mutum uku sun gudu don tsoron kunnensu,
shi ya ce a ba shi, ba shi da abin asara.

Idan la'asar ta yi sanyi ya kashe inji,
sai ya ƙi wanke hannu.
Gari har gwiwa, fari fat,
wai ko magariba ta kawo jiki
a ga abin da yake faɗa.

Su Hajjo mai ɗinkin hula su iso,
da Iliya mai faci,
da tagwayen Pindiga a kan keke ɗaya.
A ja benci, a yi da'ira,
don a nan ba a zama bayan mai magana.

Jiya labarin ɓarawo ne.
Yatsu biyu suka haura katanga.
Baffa ya tsuke ciki, ya tuɓe takalma,
ya kama su da haƙori,
yana sanɗa,
yana sanɗa,
sai kwano ya faɗi!
Kumatu suka fashe, idanu suka fito.
Ɓarawo ya daskare da ƙafa ɗaya a sama,
bai san gidan kurame ya shiga ba.
Baffa ya tsaya a haka, ya ƙi saukewa,
har Hajjo ta fara share hawaye da bakin mayafi.

Ya taka akuya, ya ture turmi, ya yi atishawa,
masu gida suna ta minshari.
Da ya ga haka sai ya saki jiki,
ya ƙyasta ashana ya duba hanya.
Gida duka ya tashi.

Dariyarsu ba ta taɓa jin kanta ba,
shi ya sa ba ta iya kunya.
Iliya na dukan benci,
ƙasa na kai wa tafin ƙafa labari.

Mai rake ya zungure ni: "Kai, me ya ce?"
Na ce, "Ɓarawo ne ya shiga gida, aka kama shi."
Ya ce, "Shi ke nan?"
Na buɗe baki, na rufe.
Na ɗebo masa ruwa a kwando.
Ina zan sa girar da ta ɗaga?
Wane harafi ne zai tsaya da ƙafa ɗaya?

Ni ma ina da suna a wurinsu:
a kama leɓatun kunne, a kaɗa shi sau biyu.
Na shekara goma ina zaton yabo ne,
sai bara Hajjo ta warware mini:
mai kunnen ado, ana magana yana kallon wani wuri.

Duhu ne kaɗai ke katse wa Baffa hanzari.
Da ya rufa, ya sa hannu a bokiti,
ruwan ya koma kamar kunu,
aka watsa shi gindin darbejiya.

A hanyar gida, wajen kwalbati,
ya laluba ya kama tafina.
Yatsunsa da sanyi, da kantar aiki.
Ashe bai gama ba,
akwai abin da ɓarawon ya gaya wa alƙali.