Kunnen Doña Braulia

Da asuba a El Alto sanyi har ƙashi yake cizo.
Na murza makulli, bas ta tashi,
na bar ta a silo ta ɗumama jiki,
sai na ji shi:
ƙyas, ƙyas, ƙyas,
kamar ɓera ya sami cokali cikin duhu.

In na taka totur sai ya ɓuya a rugugi,
in na ɗaga ƙafa ga shi ya dawo,
ba fushi, ba gaggawa,
mai bin bashi ne da ya san ƙofar gida.

Na zaro sandar baƙin mai, na goge, na mayar, na sake zarowa,
mai na nan kan layi.
Fulogi huɗu, babu mai rawa.
Eulogia na ƙirga canji a kujerar baya,
ta ce, "Anselmo, saura wata tara a banki,"
ko ɗagowa ba ta yi ba.

A tasha kowa likita ne.
Wannan ya ce tafet, wancan ya ce bawul,
Remigio ya tofar da ganyen koka ya ce,
"Fistin ne. Sauke inji kawai."
Maganar ta zauna mini a ciki kamar dutse.

Doña Braulia Calisaya tambaya ɗaya ta yi:
"Da sanyi ya fi kuka, ko in ta ɗau zafi?"
Na ce da sanyi. Kafin mu gangara La Paz ya yi shiru.
Ta ce, "Bar ta ta kwana a nan."

Da safe ta ɗauko sukundireba mai tsawon kamu biyu,
tsini a kan murfin bawul, ƙota a kunne,
ta runtse ido.
Ta matsa gaba. Ta saurara. Ta girgiza kai.
"Waɗannan kiɗansu na gado suke yi, ƙyale su."
Sai ta ajiye ƙarfen, ta zura hannu ta gefe,
inda bututun hayaƙi ya kama jikin inji.
Iska na busar mata yatsa, fus, fus.
Ta fiddo yatsan baƙi ƙirin kamar ta shafo kwalli,
da kan kusa guda, karyayye, a tafin hannunta.

"Ƙarfe in ya ji sanyi takurewa yake, kafa ta buɗe.
In ya ji wuta ya miƙe, ya toshe bakinsa.
Numfashi ke zurarewa, ɗana.
Zuciyar lafiya lau."

Alhamis, ranar kasuwa,
rumfunan tamfol har inda ido ya gaji.
Gaskit iri uku a gabana:
na cikin leda mai ƙyalli, boliviyano goma sha biyar;
na jikin wata mota da ta faɗa kwari, an goge shi da kananzir;
na ƙarfe ninki uku, casa'in, babu ragi.
Hannuna ya nufi mai ƙyallin da kansa.
Na ɗora tsohon a kansa yadda ta ce,
huda ɗaya ta kauce da faɗin ƙwayar shinkafa.
Araha ba ta ado, balle ta riƙe wuta.

Kusoshi kuwa duka na saya.
"Rana ɗaya aka haife su," in ji ta,
"wanda ya karye riga 'yan'uwansa kawai ya yi."
Kuɗin abincin rana suka tafi a nan,
na koma gida da kofin kunun jar masara a ciki.

Yau na murza makulli.
Illimani na can da farar hularsa, bai ce komai ba.
Na karkata kai, na jira ɓerana.
Bai zo ba.
Eulogia ta ja ƙofa tana kiran fasinja, "Ceja, Ceja!"
Can baya, ta hagu,
wani gilashi ya fara kaɗa haƙori.