Gurbin da Ya Ƙi

Ruwan Agusta ya tare ni a Taminus,
akwatin kwamfuta rungume a ƙirjina,
na lulluɓe shi da rigar sanyin da ya kamata in sa.
Benen Davou matakala goma sha bakwai ne.
Na ƙirga su, don kowace da nauyinta.

Na zube masa kayana a tebur:
sabuwar firosesa, 'yar mitsitsiya kamar kan sarki,
da katin hoto mai fanka biyu
wanda ya cinye ladan suna uku da na ɗauka a Gangare
da rabin na wata walima a Unguwar Rogo.
Na ce, sa min su yau,
masu bikin Rikkos sun fara kirana da tsakar dare,
fim ɗinsu na tafiya kamar tsohuwa a kan dutse.

Bai taɓa sukudireba ba.
Tabarau ya fara sawa.
Ya zare murfin gefe, ya haska da fitilar waya,
ya karanta lambar babban allo a hankali
kamar mai neman sunansa a jerin 'yan fansho.

Tasi'u, ya ce, ka tambayi gurbin kafin ka sayo?

Wane gurbi?

Wannan. Haƙoransa dubu ɗaya da ɗari da hamsin.
Baƙuwar taka dubu ɗaya da ɗari bakwai take nema.
Ko ka danna da guduma ba su gaisawa,
sai dai ka lanƙwasa haƙori, ka yi asarar gida da baƙo.

Na yi shiru. Ruwa na dukan kwano.

Ya ɗauko tef irin na tela, ya auna katin,
ya auna cikin akwatin,
ya nuna min yatsu biyu:
da wannan kaɗai ya fi ɗakin tsawo.
Sannan ya juya tukunyar wuta, ya kankare datti da farce,
wat ɗari uku.
Katin nan ɗari biyar da hamsin yake ci kafin ya yi hamma.
Linzami, in ji shi, ya fi ƙarfin bakin kaza.

Na so in ji haushinsa, ban samu hanya ba.
A jikin murfin da ya jingine da bango
ga rubutun Yaya Lawandi da jan biro,
ranar da ya haɗa ta, da sunan kowane ƙarfe,
da kalma ɗaya a ƙasa: a duba.
Shekara huɗu da rasuwarsa
ban taɓa buɗe gefen nan ba.

Davou ya zuba min shayi a murfin filas.
Ya ce kakansa kuza ya haƙa a Bukuru.
Na ce nawa wanke ta ya yi a Dilimi.
Muka leƙa ɗige-ɗigen da ke ƙyalli a bayan allon,
babu wanda ya ce komai,
amma na san abin da ya raya, ya san nawa.

Daga nan ya buɗe durowa.
Wata firosesa ta hannu, sa'ar allon, ƙanwar zamaninsa,
ta zauna a gurbin ba ko tari.
Ya ɗiga mata farin mai, ƙwayar wake ɗaya,
ya hure fanka, ya mayar.
Katin kuwa ya ce in bar shi jingina
har a samu ƙaraminsa, ko in ƙaro kuɗin tukunya.

Muka jira Nefa minti arba'in.
Da ta zo, ya ce ni zan danna.

Ƙara ɗaya, gajeruwa.
Gilashi ya yi haske.

Na sauko da ita a kafaɗa, ruwa ya tsagaita,
baƙuwar da na sayo tana aljihuna cikin leda,
ba gida, ba mai saye tukuna.
A bakin titi mai keke ya ce, nawa za ka ba da?
Na ce, tsaya, Malam,
bari in fara auna kujerar.